Yaren da Ya Dawo wa Baba

Talata, 2 ga Mayu, ƙarfe 5 na yamma

Yau muka dawo da Baba gida daga asibiti. Kwana tara ke nan da ya faɗi a shagonsa na babbar kasuwar Garwa, yana cikin buɗe wa wani huhun goro. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Ya ce sauran sai haƙuri da tausa, kuma mako mai zuwa za a turo mana mai tausa har gida.

Wannan littafin na saye shi ne don rubuta abin da zan faɗa a rediyo, to ga abin da ya zama. Ba ni da wanda zan gaya wa. Sharif, maigidana, yana Marwa wurin aiki. In na kira shi sai ya ce "Allah ya ba shi lafiya" sau uku, sannan ya tambayi ko an gyara famfo. Yaya Abdulhamid kuwa ba a magana da shi, sauraronsa ake yi. Tun rasuwar Inna ba mace a gidan nan, shi ya sa na tattaro kayana na dawo unguwar Hausare, ɗakin da na taso a ciki.

Abin da likita bai yi mana bayani ba shi ne bakin Baba. Ba bebe ya zama ba, yana magana, har da yawa. Sai dai ba Hausa ba ce, ba Fulatanci ba, ba Faransanci ba. Alhaji Salmanu fa, wanda in ka ce "bon" a gabansa zai tambaye ka ko uwarka 'yar Faris ce.

Yaya ya ce mutanen ɓoye ne suka shige shi a wurin faɗuwar. Ya ce kada kowa ya ji.

Laraba, 3 ga Mayu, bayan la'asar

Zafi. Kunu cokali huɗu ya sha. Ya yi ta magana.

Alhamis, 4 ga Mayu, ƙarfe 11 na safe

Yaya ya kawo Malam Ilyasu, mai ruƙiyya, daga unguwar Fulɓere. Mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya zauna a gefen katifa ya yi karatu sama da awa ɗaya, ya sa garwashi a kasko ya zuba wasu saiwoyi, ɗakin ya cika da hayaƙi. Baba ya ɗaga murya yana ta nanata abu ɗaya. Malam ya juyo ya dube mu ya ce, "Kun ji? Ta fara jin zafin ayar. Mace ce, kuma tsohuwa ce, ta daɗe a jikinsa."

Yaya ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa.

An rufe tagar da ke kallon titi, an sa labule mai kauri. A wannan zafi na Mayu. Duk wanda ya zo dubiya sai a zaunar da shi a zaure a ce Alhaji ya samu barci. Yau mutum goma sha ɗaya na gaya wa haka, har bakina ya saba, ina faɗa ina murmushi.

Abu ɗaya ne ke damuna. Na sha jin masu aljanu, ihu suke yi da zage-zage. Baba ba ihu yake yi ba. Yana faɗin abu, ya dakata ya kalle ni, kamar mai jiran amsa. In ban amsa ba ya sake faɗa a hankali, yadda yake yi wa Mbororo, Fulanin daji, ciniki.

Asabar, 6 ga Mayu, ƙarfe 1 na rana

Na je rediyo. Shekara bakwai ina gabatar da shirin Gadonmu kowace Asabar, ban taɓa fashi ba sai da na haihu. Yau maganar kayan lefe muka yi. Wani ya bugo daga Pitowa yana cewa, "Madame Haula, donc ni dai a ganina," na katse shi na ce, "Malam, ajiye donc ɗin nan a bakin ƙofa tare da takalminka, sannan ka shigo." Aka yi ta dariya a ɗakin shiri. Irin abin da ake so na da shi ke nan. Duk Garwa an san Haula ba ta yarda a gurɓata mata Hausa.

A hanyar dawowa na biya na gaida surukata, Hajiya Sadiƙa. Ita ce shugabar mata a ƙungiyar Hausawan gari, kuma ta san kakan kowa har zuwa ƙofar da ya fito ta ita a Kano ko Katsina. Na durƙusa, ta sa mini albarka, ta ce ta ji shirin. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji ta. "Hausar ubanki ce a bakinki." Sannan ta ba ni labari: ranar ashirin ga wata, bayan faretin bikin ƙasa, ƙungiya za ta karrama tsofaffin gidajen Hausawa guda biyar, namu ne na biyu. Yaya zai karɓi takardar a madadin Baba. An riga an fitar da anko.

Tarihin gidanmu kowa ya san shi, ni kaina na faɗe shi a rediyo ba sau ɗaya ba. Kakana na wajen uwa, Alhaji Mahmudu mai goro, ya zo daga Kano da jakuna. Baba ɗan ɗan'uwansa ne da aka aiko masa yana yaro, ya riƙe shi, ya koya masa kasuwa, ya aura masa 'yarsa. Shi ya sa duk shekara bayan an gama cire auduga Baba kan tafi Kano ganin dangi, ya yi kwana biyar, ya dawo mana da alawa da turare.

Dangin dai ba su taɓa zuwa ba. Nisa ne, kuma ga iyakar ƙasa.

Litinin, 8 ga Mayu, ƙarfe 4 na yamma

Mai tausa ta zo. Sunanta Madeleine, doguwa, baƙa, wajen shekara hamsin, da sarƙar kuros a wuya wadda ta tura cikin riga da ta ga zauren. Yaya yana kasuwa. Mun gaisa da Fulatanci, na shigar da ita, ta yi tari saboda hayaƙin da ya kama labule. Ta wanke hannu ta kama ƙafar Baba tana lanƙwasawa.

Baba ya faɗi abin nan da yake faɗa.

Ta tsaya cak da ƙafarsa a hannunta. Sai ta amsa masa.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Ta amsa masa, shi ma ya amsa mata, ta sake, ya sake. Ya kama hannunta da hannunsa mai lafiya. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da aka fita da Inna.

Na ce, "Me kike yi?" Muryata ma ban gane ta ba.

Ta ce, "Madame, gaisawa muke yi."

Na ce tausar ta isa haka yau. Na raka ta har bakin ƙofa don kada ta tsaya da kowa. A zaure ta juyo ta ce a hankali, "Madame, wannan hayaƙin, ku daina. Ba abin da ke jikin babanki. Yarenmu ne, na can gida, irin na tsofaffi ma." Ta faɗi sunan yaren. Na ce mata sai an jima.

Talata, 9 ga Mayu, da hantsi

Ban je lise, makarantar da nake koyarwa, ba, na aika cewa ba ni da lafiya. Ban shiga ɗakinsa ba sai da kunu.

Laraba, 10 ga Mayu, bayan magariba

Na gaya wa Yaya. Na zaci zai ce ƙarya ne, ko ya zagi matar. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ci gaba da cin tuwonsa, ya gama, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Yaya, ka sani ke nan?"

Ya ce yana ɗan shekara goma sha shida ya bi Baba tasha a ɓoye don ya ga motar Kano. Motar da Baba ya shiga ba ta yamma ta yi ba, arewa ta yi. Bai taɓa tambayarsa ba. Shekara talatin yana riƙe da wannan.

Na ce, "To Malam Ilyasu fa? Kwana shida ana turara shi kamar kifi, kai kuwa ka sani?"

Ya ce, "In ba aljanu ba, me kike so in gaya wa mutane?"

Na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba, har na kira shi azzalumi. Ya bar ni na gama. Sai ya ce, "Haula, mutumin nan shekara sittin ya yi yana gina wannan katangar da hannunsa, yana cikin hankalinsa. Yanzu da ciwo ya kayar da shi, ke ce za ki rushe masa? Da yana so a sani, da ya faɗa lokacin da yake da baki. Ki tuna gidan da kike aure. Ki tuna abin da suke kiran mutanen can."

Na tuna. Ni ma na sha faɗin kalmar, da wasa, a kan 'yan aiki da masu sayar da itace.

Ya ce kada matar ta sake shigowa gidan. Zai nemo wani mai tausa, namiji, ɗan kudu, wanda ba ya jin komai.

Ina jin haushinsa har cikin ƙashina. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne akwai gaskiya a maganarsa.

Juma'a, 12 ga Mayu, ƙarfe 3

Malam ya zo, hayaƙi. Ɗan kudun ya zo, ya murɗa ƙafa ya tafi. Baba yana kallon ƙofa. Bai ci ba.

Asabar, 13 ga Mayu, ƙarfe 1

Rediyo. Sunayen dangi muka yi yau: kawu, baffa, gwaggo, inna. Na gyara wa mutum uku. Ba wanda ya ji komai a muryata, na tambayi mai na'ura.

Lahadi, 14 ga Mayu, ƙarfe 2 na rana

Na hau moto, babur ɗin haya, zuwa unguwar Rumde Ajiya, na rufe fuskata da gyale kamar mai zuwa wurin boka. A Garwa aka haife ni, amma ban taɓa shiga lungunan nan ba. Ana tashi daga coci, mata sanye da atamfa iri ɗaya, warin giyar dawa yana fitowa daga wani gida. Na tambayi gidan Madeleine mai tausa, aka nuna mini.

Ba ta yi mamakin ganina ba. Ta ba ni kujera a gindin dalbejiya, ta kawo ruwa, ta ce, "Kofin sabo ne," ban tambaye ta ba. Na ji kunya, na shanye duka.

Na ce ta gaya mini abin da ya faɗa.

Ta ce abu huɗu ne. Na farko, hayaƙin yana shaƙe shi. Na biyu, ruwan firij yana sa masa ciwon haƙori, na randa yake so. Na uku, bayansa, ƙasan kafaɗar dama, wani abu yana cinsa kamar wuta, kuma ya gaya wa kowa ba wanda ya duba. Wannan shi ne abin da yake ta nanatawa. Wannan ne Malam ya ce tsohuwar aljana ce ke jin zafin aya.

Na ce, "Na huɗun fa?"

"Yana tambayar Berthe. Ya ce ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana wani ƙauye kusa da Kaele. Ya ce a gaya mata bana ba zai iya zuwa ba, ita ta zo."

To bari in rubuta, tunda littafina ne. Mundang. Baba Mundang ne, ba Bahaushe ba. Na rubuta, rufin ɗaki bai faɗo ba.

Madeleine ta ce tana da ɗan'uwa, Rodrigue, da ke aiki a wurin awon auduga a Kaele, zai iya nemo ta. Ta tambaye ni ko in an same ta za a bar ta ta shiga. Na ce gidan ubana ne. Da ƙarfi na faɗa, har kaji suka watse.

Litinin, 15 ga Mayu, ƙarfe 7 na safe

Na juya shi ni kaɗai. Gyambo ne, faɗin tafin hannuna, ya riga ya yi ruwa. Mako biyu yana gaya mana.

Na wanke, na sa magani, na buɗe tagar titi. Na ɗebo ruwan randa. Ya sha kofi ɗaya da rabi yana kallona. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya faɗi wani abu gajere. Ban san ko yafewar ce ba.

Da Malam Ilyasu ya zo na ce masa Alhaji ya samu barci.

Laraba, 17 ga Mayu, ƙarfe 5 na yamma

An samu Berthe. Madeleine ta kira ni na je, Rodrigue ya haɗa mu a waya. Muryar tsohuwa ce, ƙarama, tana rawa. Tana magana Madeleine tana juya mini.

Ta ce tun watan jiya jikinta ya ba ta, don bai taɓa wuce lokacinsa ba. Duk shekara yana zuwa da butarsa da dardumarsa, ya kwana uku a ɗakin da ya gina mata, ya yi sallarsa a gindin tsamiya, ba ya shiga harkar kowa, ba mai shiga tasa. Da rana su zauna su yi ta hira. Alawar da turaren kuwa a kasuwar Figil yake saya a hanyar dawowa.

Na tambayi abin da ya raba shi da gida tun farko.  Sai ta ce wani abu, Madeleine ta ce, "Ta ce shekarar yunwa ce, kuma waɗanda suka yi abin duk sun mutu." Ban ƙara tambaya ba.

Ta san sunana. Ta san na Yaya da na 'ya'yansa. Tana da hoton bikina a cikin kwalla, ta ce atamfar da na sa koriya ce. Ta ce Rodrigue yakan kama mata shirina a wayarsa wani lokaci, ba ta jin Hausa sai kaɗan-kaɗan da yayanta ya koya mata, amma tana son jin muryar.

Na yi kuka a gidan mutane.

Alhamis, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Hadari ya haɗu ya watse, ba ruwa. Gyambon bai ƙaru ba, bai ragu ba. Numfashinsa ya canja.

Mun shirya. Asabar ce ashirin ga wata, duk unguwa za ta tafi fareti, daga can a wuce wurin karramawa. Yaya ba zai dawo ba sai yamma. Rediyo ma ba shiri ranar, fareti za su watsa. Na ce ni zan zauna da Baba, kowa ya yaba mini. Berthe za ta kwana Kaele gobe, ta shigo motar asuba, Madeleine ta tarye ta a tasha ta kawo ta.

Na gaya wa Baba a kunne, da Hausa, na ce, "Jibi tana zuwa." Ya matse mini hannu.

Ina ta gwada yadda zan gaishe ta. Gwaggo, sannu da hanya. Gwaggo, ina gajiya. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa samun wadda zan kira da wannan sunan ba. Zan nuna wa Yaya cewa ba kowa ne matsoraci ba a gidan nan.

Juma'a, 19 ga Mayu, ƙarfe 6 na yamma

Na yi masa aski, na gyara masa gemu, na sa masa farar riga. Ya ci tuwo loma biyar.

Asabar, 20 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe

Ana jin ganguna daga filin fareti. Unguwa ba kowa sai awaki. Madeleine ta kira, sun hau moto.

Asabar, ƙarfe 5 na yamma

Ta zo. Gajeriya ce, siririya, da ɗan ƙullin gyaɗa a leda. Goshin Baba ne da ita, da kunnuwansa. Nawa ke nan.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, sannu da hanya." Ta ɗago ni ta shafa fuskata da hannu biyu.

Ta zauna a bakin katifarsa. Sun yi magana kusan awa uku. Ni da Madeleine muna bakin ƙofa, ban ce ta fassara ba, ita ma ba ta yi ba. Har dariya ya yi, da rabin baki. Ta ɓare masa gyaɗa tana tauna masa kaɗan tana ba shi.

Ta tafi da motar ƙarfe huɗu.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Lahadi, 21 ga Mayu, da safe

Yaya ya rataye takardar karramawa a zaure, cikin gilashi. Bai san komai ba.

Litinin, 22 ga Mayu, ƙarfe 4

Baba bai yi magana ba tun Asabar. Da kowane yare. In na shiga sai ya rufe ido. Wataƙila gajiya ce.

Talata, 23 ga Mayu, ƙarfe 4

Bai ci ba. Wataƙila gajiya ce.

Laraba, 24 ga Mayu, bayan azahar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi, ina shanya. An kai shi ƙarfe biyu.

Juma'a, 26 ga Mayu, ƙarfe 6 na yamma

Sadakar uku. Gida ya cika har titi. Sharif ya zo daga Marwa. An yi ruwan farko jiya, tsakar gida duk taɓo, mata suna ɗage zannuwa. Liman ya ce an yi rashin ɗaya daga cikin Hausawan asali da suka rage a garin nan, irin waɗanda ba a sake yin su. Wata ta tambaye ni ko mutanen Kano sun samu labari. Na ce an gaya musu, iyaka ce ta hana su.

Madeleine ce ta kira Kaele. Ni ban iya ba.

Asabar, 27 ga Mayu, ƙarfe 11 na safe

Ba rediyo, ina zaman makoki. Kowa ya fita, bari in rubuta, don in ban rubuta ba zai kashe ni.

Ranar Asabar ɗin can, wajen ƙarfe biyu, na ji sallama a tsakar gida. Hajiya Sadiƙa ce da mata uku na ƙungiya, cikin anko, sun taso daga fareti. Ta ce ba zai yiwu a karrama gida ba a zo an gaida mai gidan ba, ko barci yake yi za su leƙa su yi masa addu'a. Ba a tsayar da Hajiya a zaure. Kafin in miƙe ta ɗaga labule.

Ta ga tagar a buɗe. Ta ga Madeleine. Ta ga tsohuwa da ɗankwalin coci zaune a kan katifar Alhaji Salmanu, hannunta a kan ƙirjinsa.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Haula, wace ce wannan?"

Ina da kalmar a bakina. Kwana biyu ina gwada ta, awa uku kafin nan na faɗe ta. Matan nan uku suna kallona, ɗaya cikinsu ƙanwar Sharif ce. Ba wanda ya tsorata ni, ba wanda ya matsa mini, Yaya ba ya nan balle in ɗora masa.

Na ce, "Mai wanki ce, Hajiya. Mai tausa ce ta kawo ta ta taya mu da zannuwan gado." Har na nuna bahon da ke bayan ƙofa.

Hajiya ta ce, "To ai sai ta sauka daga shimfiɗar mutane."

Berthe dai ban san ko Hausar ta ji ba, ko hannuna ta gani. Ta cire hannunta daga ƙirjinsa a hankali, ta sauka, ta gyara ɗaurin zaninta, ta je ta ɗauki bahon. Zannuwan da ya ɓata ne tun dare. Tana kaiwa bakin ƙofa Baba ya faɗi wani abu, ba da ƙarfi ba. Ta tsaya ta saurara, ba ta juyo ba, ta fita.

Hajiya ta ce, "Allah sarki, ashe gaskiya ne, har yanzu mutanen ɓoyen ba su sake shi ba." Suka ɗaga hannu suka yi addu'a, na shafa tare da su. Na kawo musu lemo. Sun yi kusan awa ɗaya suna ba ni labarin fareti, wane ya yi kyau, wace ta ɓata layi. Ta taga ina hango Berthe a bakin famfo, tana durƙushe, tana cuɗawa. Ta wanke su tas, ta ɗauraye sau biyu, ta shanya.

Da suka tafi lokacin mota ya yi. Berthe ta leƙa ɗakin, idonsa a rufe. Na ce, "Gwaggo," ta shafa mini kafaɗa kamar yadda ake yi wa yaron maƙwabta, ta bi Madeleine.

Zannuwan suna nan a ninke. Na kasa shimfiɗa su, na kasa bayarwa.

Lahadi, 28 ga Mayu, bayan la'asar

Yaya ya ce na rame, in riƙa cin abinci. Ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Haula, kin rufa masa asiri har ƙarshe." Hajiya ce ta ba shi labarin mai wankin, ya gane. Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi.

Litinin, 29 ga Mayu, ƙarfe 3 na rana

Na koma Rumde Ajiya. Wannan karon ban rufe fuska ba, ko da yake ba wani abin yabo ba ne yanzu.

Madeleine tana tsinke zogale. Ta yi mini gaisuwa, ta ba ni kujera. Ba ta kawo ruwa ba.

Na ce, "Abin da ya faɗa lokacin da ta ɗauki baho. Ina so in sani."

Ta ce, "Madame, ki bar shi. Ya riga ya tafi."

Na ce ina roƙonta don Allah. Na ce in tsinuwa ce gara in san da ita, in san abin da nake ɗauke da shi. Kwana tara ina fassara maganar nan da kaina, kowace rana da irin tata.

Ta ajiye tiren. Ta ce, "Ba da ke yake ba, da ita yake."

"Me ya ce mata?"

"Ya ce, kada ki riƙe yarinyar nan a rai. Ni na koya mata."

Na zauna ina kallon zogalen. Can na tambaye ta ko ya ƙara wani abu bayan wannan, ko da kalma ɗaya.

Ta ce a'a, daga nan bai sake magana ba.